Linda Strand

Linda M. Strand masaniyar harhaɗa magunguna ce 'yar ƙasar Amurka, kuma farfesa ce mai ritaya a Kwalejin Harhaɗa Magunguna ta Jami'ar Minnesota. An fi saninta da maƙalar da suka wallafa tare da Charles Douglas Hepler a shekarar 1990, wadda ta fayyace tsarin aikin da ake kira pharmaceutical care a Turance, wato kulawar magunguna. Tushen wannan tsari shi ne aikin masanin magunguna ba ya ƙarewa a lokacin da ya miƙa wa majiyyaci magani. Yana da alhakin bibiyar abin da maganin ya haifar a jikin wanda ya sha shi.

Kusan dukkan manyan ayyukan Strand na haɗin gwiwa ne. Ta shafe fiye da shekaru 30 tana aiki tare da Robert J. Cipolle da Peter C. Morley wajen mayar da wannan ra'ayi ya zama aiki mai matakai, wanda za a iya koyarwa, a rubuta a takardun majiyyaci, a kuma biya kuɗinsa. A shekarar 1997 ita da Hepler suka sami lambar yabo ta Remington, mafi girma a fannin harhaɗa magunguna a Amurka.

## Karatu da aiki

Strand ta yi dukkan karatunta na gaba da sakandare a Jami'ar Minnesota. A can ta sami digirin farko a fannin harhaɗa magunguna, sannan digirin ƙwarewa na Pharm.D., daga bisani kuma digirin digirgir. Ta koyar a Jami'ar Utah da Jami'ar Florida kafin ta dawo Minnesota, inda ta ci gaba da koyarwa da bincike har ta yi ritaya. Bayan aikin jami'a ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaba a kamfanin Medication Management Systems, wanda a lokacin yake samar da manhajar kwamfuta da horo ga masu gudanar da kulawar magunguna.

## Yanayin sana'ar kafin 1990

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, babban aikin masanin magunguna shi ne haɗa magani da hannunsa a kanti. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu suka karɓe wannan aiki, aka bar shi da ƙidaya ƙwayoyi da liƙa takarda a jikin kwalba. Dokokin ɗa'ar sana'ar a Amurka na wancan zamani ma sun hana shi tattauna amfanin magani da majiyyaci, domin ana ganin hakan hurumin likita ne. Daga shekarun 1960 masana magunguna suka fara shiga ɗakunan kwanciya a asibitoci suna ba likitoci shawara, amma hankalinsu ya fi karkata ga maganin kansa da kuma likita, kuma akasarin kantunan magani na cikin gari ba su ga wani sauyi ba.

Ba Strand da Hepler ne suka ƙirƙiro sunan kulawar magunguna ba. Mikeal da abokan aikinsa sun yi amfani da shi a 1975, Donald Brodie da nasa abokan aikin kuma suka faɗaɗa ma'anarsa a 1980. Abin da ya rage shi ne bayyana wanda alhaki ke wuyansa idan magani bai yi aiki ba, ko ya cutar da mai shan sa.

## Maƙalar 1990 da Hepler

Hepler da Strand sun fara gabatar da ra'ayinsu a wani taro kan makomar sana'ar da aka yi a Williamsburg ta jihar Virginia a 1989. A shekarar da ta biyo baya mujallar American Journal of Hospital Pharmacy ta buga maƙalar da suna "Opportunities and responsibilities in pharmaceutical care". Kowannensu ya zo da nasa ɓangaren. Hepler ya daɗe yana rubutu kan falsafar sana'ar da alƙawarin da ke tsakanin ma'aikacin lafiya da majiyyaci. Strand kuwa ta zo da tsarin aiki na zahiri, domin tun a 1988 ita da Cipolle da Morley suka wallafa wata hanya ta bin diddigin maganin majiyyaci mataki-mataki tare da rubuta abin da aka gano.

Maƙalar ta bayyana kulawar magunguna a matsayin bayar da magani tare da ɗaukar alhakinsa, da nufin cimma takamaiman sakamako da zai kyautata rayuwar majiyyaci. Ta kawo sakamako guda huɗu: warkar da cuta, kawar da alamunta ko rage su, dakatar da cutar ko rage saurin ci gabanta, da kuma rigakafi. Hujjar marubutan ita ce cututtuka da mace-macen da magani ke jawowa suna da yawa, kuma da dama daga cikinsu ana iya kauce musu. Sun kafa hujja da alƙaluman Amurka na 1987, inda aka kai rahoton mutuwar mutane kusan 12,000 da kwantar da wasu 15,000 a asibiti sakamakon illar magunguna. Sun kuma jera matsaloli takwas da ke tasowa wajen amfani da magani. Wannan maƙala na cikin waɗanda aka fi ambata a rubuce-rubucen fannin aikin harhaɗa magunguna.

Daga baya hanyoyin masanan biyu sun rabu. Hepler ya ci gaba da aiki a Florida kan tsarin sa ido a kan sakamakon magani ga masu cuta guda, kamar asma, kuma an gwada tsarin a kantunan magani na ƙasar Denmark, aka wallafa sakamakon a 2001. Strand da abokan aikinta na Minnesota sun tsaya a kan cewa dole a duba dukkan magungunan mutum da dukkan cututtukansa a lokaci ɗaya.

## Haɗin gwiwa da Cipolle da Morley

Mutanen uku sun fito daga fannoni daban-daban. Cipolle masanin magunguna ne na asibiti, wanda ya yi bincike kan yadda ake daidaita adadin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su gentamicin, da jikin kowane majiyyaci. Morley masanin al'adu da halayyar al'umma ne a fannin lafiya, kuma ɓangarensa ya shafi ɗa'a da yadda majiyyaci ke fahimtar maganinsa. Strand ta fi mayar da hankali kan tsara aikin, da auna shi, da koyar da shi.

### Aikin gwaji na Minnesota

Tsakanin 1992 da 1995 suka jagoranci wani aikin gwaji a jihar Minnesota, wanda ya haɗa masana magunguna 54 a kantunan magani 20. Manufar ita ce a gano ko za a iya gudanar da kulawar magunguna a kantin cikin gari, inda jama'a ke layin karɓar magani. Gwajin ya nuna cewa za a iya, ya kuma fito da abubuwan da ke kawo cikas. Aikin yana buƙatar keɓantaccen wurin zama da majiyyaci, da lokacin da aka ware masa, da hanyar adana bayanai, da kuma wanda zai biya kuɗin hidimar. Darasin da masu binciken suka ɗauka shi ne kula da majiyyaci aiki ne mai zaman kansa, wanda ya kamata a raba shi da aikin sayar da magani. Sun ci gaba da wannan bincike a Cibiyar Peters ta Jami'ar Minnesota, wadda Cipolle ya shugabanta.

### Littafi da manhaja

A 1998 kamfanin McGraw-Hill ya buga littafinsu mai suna Pharmaceutical Care Practice. Bugu na biyu ya fito a 2004, na uku kuma a 2012. Littafin ya zama abin koyarwa a makarantun harhaɗa magunguna a ƙasashe da yawa. Sun kuma samar da manhajar Assurance, wadda ma'aikata ke shigar da bayanan kowace ganawa da majiyyaci a cikinta. Da yake kowa na rubutu da tsari iri ɗaya, sai ya yiwu a tattara bayanan dubban majiyyata a yi nazarinsu.

## Tsarin aikin

Tsarin da suka shimfiɗa yana da matakai uku: tantance buƙatun majiyyaci, tsara shirin kulawa, da bibiya domin a ga abin da ya faru. A matakin tantancewa ana yi wa kowane magani tambayoyi huɗu, kuma dole a bi su a jere:

1. Shin akwai dalilin lafiya na shan wannan magani?
2. Shin yana yin aikin da ake nema?
3. Shin ba ya cutar da majiyyacin?
4. Shin majiyyacin yana iya shan sa yadda aka tsara, kuma yana son yin hakan?

Jerin yana da muhimmanci. An sa bin ƙa'idar shan magani a ƙarshe ne saboda babu amfani a matsa wa mutum ya sha maganin da ba ya buƙata, ko wanda ba ya masa aiki, ko wanda ke cutar da shi. Daga waɗannan tambayoyi aka fitar da matsaloli bakwai, a maimakon takwas na 1990:

- shan maganin da ba a buƙata;
- buƙatar ƙarin magani da ba a bayar ba;
- maganin da bai dace da cutar ba;
- adadin da ya yi kaɗan;
- illar magani;
- adadin da ya yi yawa;
- rashin shan magani yadda aka tsara.

Misali, dattijo mai hawan jini da ke shan amlodipine yana iya samun kumburin ƙafa, wanda sanannen illar wannan magani ne. Idan ba a gane hakan ba, sai a ƙara masa maganin sa fitsari domin kumburin ya sauka, shi kuma ya jawo masa jiri ko raguwar gishirin jiki. Mai bin tsarin Strand zai fara tambayar dalilin magani na biyu, ya gano cewa ana magance illar na farko ne, sannan ya tuntuɓi likita a rage na farkon ko a sauya shi. Bayan haka sai ya sa ranar da majiyyacin zai dawo a auna jininsa a duba ƙafarsa.

Strand ta sha nanata cewa duk ma'aikatan sana'ar su bi tsari ɗaya da kalmomi iri ɗaya, kamar yadda likitoci da ma'aikatan jinya ke yi. A ganinta, idan kowa yana yin nasa salon, majiyyaci ba zai san abin da zai samu ba, kamfanin inshora kuma ba zai san abin da yake biya ba.

## Sakamakon bincike

A 2004 Strand da abokan aikinta suka wallafa bitar aikinsu na shekaru 25 a mujallar Current Pharmaceutical Design. Sun ba da rahoton horar da ma'aikata fiye da 300, sannan suka yi nazarin bayanan manya 2,985 da aka kula da su tsakanin Janairun 2000 da Disamban 2003. A ganawar farko, an gano matsalar magani aƙalla ɗaya a wajen kashi 61 cikin 100 na majiyyatan. Lafiyar kashi 83 cikin 100 ta inganta ko ta tsaya daram. Sun ƙiyasta cewa kuɗin da aka tsimi ya ninka wanda aka kashe sau biyu.

Wurin da tsarin ya fi kafuwa shi ne rukunin asibitocin Fairview da ke Minnesota, wanda ya fara wannan hidima a 1998 tare da haɗin gwiwar jami'ar. Wani nazari da Brian Isetts ya jagoranta, wanda Cipolle ke cikin marubutansa, ya fito a 2008. Ya bi majiyyata 285 a asibitoci shida, aka warware matsalolin magani 637. A cikin mutane 186 da aka samu bayanan inshorarsu, kuɗin lafiyar kowane mutum a shekara ya sauka daga dala 11,965 zuwa dala 8,197. A 2010 Djenane Ramalho de Oliveira da abokan aikinta suka wallafa bayanan shekaru goma na Fairview: majiyyata 9,068, ganawa 33,706, da matsalolin magani 38,631. Matsalolin da suka fi yawa su ne buƙatar ƙarin magani da adadin da ya yi kaɗan. Wannan ya saɓa wa zaton da ake yi cewa yawan shan magani ne babbar matsala.

## Tasiri

### A Amurka

Ƙungiyoyin sana'ar sun rungumi ra'ayin cikin 'yan shekaru. Ƙungiyar masana magunguna na asibitoci ta fitar da matsayarta a kansa a 1993, ƙungiyar kwalejojin harhaɗa magunguna kuma ta ɗauke shi a matsayin manufar sana'ar. Wannan na cikin hujjojin da aka kafa wajen mayar da Pharm.D. digiri ɗaya tilo na shiga sana'ar, bisa ƙa'idojin da hukumar tantance kwalejojin ta amince da su a 1997, suka fara aiki a 2000.

Dokar inshorar Medicare ta 2003 ta wajabta wa masu inshorar magani su samar da hidimar sarrafa magungunan majiyyaci daga 2006. A 2005 majalisar dokokin Minnesota ta amince a riƙa biyan masana magunguna kuɗin wannan hidima a ƙarƙashin Medicaid, inshorar masu ƙaramin ƙarfi. Strand na cikin marubutan jagorar da wata gamayyar ƙungiyoyin kiwon lafiya a matakin farko ta fitar a 2010, wadda ta bayyana yadda za a shigar da hidimar cikin asibitocin iyali. A 2014 manyan ƙungiyoyin sana'ar suka amince da tsarin kula da majiyyaci guda ɗaya mai matakai biyar, wanda ya yi kama da na Minnesota ƙwarai.

### A sauran ƙasashe

Taron Hukumar Lafiya ta Duniya kan rawar masanin magunguna da aka yi a Tokyo a 1993 ya amince da kulawar magunguna. Ƙungiyar masana magunguna ta duniya, FIP, ta fitar da matsayarta a 1998, kuma ita da hukumar suka wallafa littafin jagora kan haka a 2006.

A Turai an kafa cibiyar haɗin gwiwar masu bincike ta PCNE a 1994. Ta samar da nata tsarin rarraba matsalolin magani, kuma a 2013 ta sake fasalin ma'anar kulawar magunguna. A Sifaniya masana sun cimma yarjejeniyar Granada a 1998 kan rarraba matsalolin magani, suka sabunta ta a 2002 da 2007, Jami'ar Granada kuma ta samar da hanyar bibiyar majiyyaci mai suna Dáder, wadda ta bazu a ƙasashen Latin Amurka. A Brazil, Ramalho de Oliveira, wadda ta yi digirin digirgir a Minnesota, ta ci gaba da koyar da tsarin a Jami'ar Tarayya ta Minas Gerais.

A Najeriya ana koyar da kulawar magunguna a tsangayoyin harhaɗa magunguna, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano. Jami'ar Benin ce ta fara gudanar da karatun Pharm.D. a ƙasar.

## Suka da muhawara

Babban sukar da ake yi wa hujjojin Minnesota shi ne akasarinsu bayanan aiki ne na yau da kullum. Ba a raba majiyyata rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a ba, kuma a wasu nazarce-nazarcen ma'aikatan da suka yi aikin ne suka ƙiyasta kuɗin da aka tsimi. Gwaje-gwajen da aka yi da ƙuri'a a wasu wurare sun ba da sakamako mabambanta. Wani gwaji da mujallar JAMA ta buga a 2002 ya ƙunshi masu asma da makamantan cututtukan numfashi 1,113 a kantunan magani 36 na birnin Indianapolis, kuma bai sami wani bambanci mai yawa tsakanin kulawar magunguna da sa ido kan ƙarfin numfashi kawai ba. A Ingila, gwajin HOMER na 2005 ya tura masana magunguna gidajen tsofaffi masu shekaru 80 zuwa sama bayan an sallame su daga asibiti, sai aka ga komawa asibiti ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Wata bita da aka wallafa a JAMA Internal Medicine a 2015 ta gano cewa hidimar na iya inganta dacewar magani da bin ƙa'idar shan sa, amma hujjoji kan yawancin sakamakon lafiya ba su wadatar ba.

Masu goyon bayan tsarin na amsa cewa ana kiran ayyuka mabambanta da suna ɗaya. Duba takardar magani sau ɗaya ko kiran waya na 'yan mintuna ba daidai yake da tantance dukkan magungunan mutum, da yin aiki da likitansa, da bibiyarsa na watanni ba. Strand da abokan aikinta sun bambance hidimar da ta ta'allaƙa ga takardar magani da wadda ta ta'allaƙa ga majiyyaci, kuma suna ganin ta biyun ce kaɗai ta cancanci sunan.

Akwai kuma muhawara kan wanda ya kamata ya yi aikin. Ma'anar da PCNE ta bayar a 2013 ta ɗauke shi a matsayin gudummawar masanin magunguna. Bayanin Cipolle da Strand da Morley kuwa ya yi magana ne kan duk ma'aikacin da ya ɗauki alhakin buƙatun maganin majiyyaci. Masu nazarin sana'ar sun lura cewa ra'ayin ya fi bazuwa a manhajojin karatu da takardun manufofi fiye da kantunan magani, domin a yawancin ƙasashe kuɗin shigar kanti yana zuwa ne daga yawan maganin da ya sayar.

## Karramawa

Ƙungiyar masana magunguna ta Amurka, APhA, ita ke bayar da lambar Remington, wadda aka kafa a 1918. Ta bai wa Strand da Hepler lambar tare a 1997 saboda aikinsu kan kulawar magunguna. Jami'ar Robert Gordon da ke Aberdeen a Scotland ta ba Strand digirin girmamawa na dakta a fannin kimiyya.